Tambayoyinku: Neman asalin dangi a Ingila

Tambaya: Malam ina wuni. Ɗiyata ta auri wani Bature ɗan Ingila, yanzu jikana ya matsa mini yana son sanin kakannin ubanshi, shi kuma uban ko sunan kakanshi bai riƙe daidai ba. Ta ina za mu faro? Wata uwa daga Tawa.

Amsa: Hajiya sannu da ƙoƙari. Mu nan tsohuwa guda za ta zauna ta lissafo miki kakanni bakwai, su can komai a takarda yake. Tun 1837 gwamnatinsu ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, jikan naki ya shiga shafin FreeBMD ko na FamilySearch ta intanet kyauta ne, ya sa suna da gari, in ya dace sai ya sayi takardar haihuwar wajen ofishin GRO, wato ofishin gwamnati mai ajiye waɗannan takardun, cikinta akwai sunan uba da sana'arshi har da sunan gidan su uwar. Sai ƙidayar jama'a, daga 1841 zuwa 1921 duk shekara goma, gida-gida. Ta 1931 kam gobara ta cinye. Kafin 1837 sai littattafan coci.

Amma fa ya yi hattara, John Smith can kamar Abdu ne a kasuwar Tawa, ya haɗa da shekara da unguwa kafin ya ce nashi ne.