Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Fina-finan Ban Tsoro Marasa Magana

Wani matashi daga Kano ya rubuto: "Na biya mai tura fim ya sa mini Nosferatu na 1922, na kunna ba mai magana. An cuce ni ne?"

Haba ɗan samari! Fim ɗin 1922 kake so ya yi magana? Sai wajen 1927 aka fara jin murya a silima. Kafin nan kiɗa ake bi da shi, a sa rubutu tsakanin hotuna. Ta nan dai ba a cuce ka ba.

Inda nake jin an cuce ka daban ne. Koma ka duba. Idan ka ga dodon nan mai shan jini, Orlok, ɗauke da akwatin gawarsa yana yawo cikin gari da rana tsaka, to jabu aka ba ka. Daraktan fim ɗin, F. W. Murnau, da rana ya ɗauki yawancin wuraren dare, aka rina zaren fim ɗin shuɗi don mai kallo ya gane dare ne. Masu kwafe-kwafe sun zubar da rinin, suka bar baƙi da fari, sai labarin ya rushe, tunda hasken rana ne ajalin dodon. Ga kuma gudu. Da hannu ake juya kyamara a lokacin, galibi ƙasa da hoto 24 a daƙiƙa. In aka sake shi da saurin fim mai sauti, sai ka ga mutane na tsalle-tsalle kamar an zuba musu garwashi, abin tsoro ya koma wasan barkwanci. Wani ma ya liƙa kiɗan da ya ga dama. A kan wannan kwamacalar mutum zai ƙona data ya kuma biya kuɗi! Tsohon kwafin yana nan kyauta a shafin intanet na Internet Archive. In kuɗi za ka kashe, nemi wanda gidauniyar Murnau ta Jamus ta gyara, irin wanda kamfanin Kino Lorber ko na Eureka ke sayarwa. Kafin ka yi odar faifai, tabbatar na'urarka na karanta faifan yankin da aka buga shi, kada ka biya dala da kuɗin jigila ya zo ya ƙi tashi. Haka fim ɗin Metropolis na darakta Fritz Lang, 1927: duba tsawonsa. A 2008 aka gano wani kwafi a Buenos Aires ta Ajantina, aka mayar da kusan minti 25 da suka ɓace. Wanda bai doshi awa biyu da rabi ba, guntu ne.

Wani kuma ya ce an yi masa tallar cikakken fim ɗin London After Midnight a WhatsApp, ya saya?

Riƙe kuɗinka. Kwafin ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar rumbun kamfanin fim na MGM a 1965. Hotunan tsaye kawai suka rage. Ɗan damfara ne.

Wata uwa daga Zariya ta ce ɗanta mai shekara tara ya nace sai ya kalli irin waɗannan, ita kuma tana tsoron ya riƙa firgita da dare.

Hajiya, damuwarki na kan hanya, kuma kin kyauta da kika tambaya. Rashin magana ba ya rage tsoro. Fuskar da jarumi Lon Chaney ya tsara wa kansa a The Phantom of the Opera, 1925, hanci a ɗage, ido a zurme, har babba tana iya hana shi barci. Ɗaga masa wannan tukuna. Ki nemo masa fim ɗin Yarima Ahmed na Lotte Reiniger, 1926, wanda ta yi da yankakken kwali mai inuwa daga tatsuniyoyin Dare Dubu da Ɗaya, da dokinsa mai tashi sama. Akwai aljanu da matsafi a ciki, don haka ki fara kallo ke kaɗai, sannan ku zauna tare da rana ki riƙa karanta masa rubutun.