Ɗalibaina sun ƙosa a gidan tarihi: ko na'urar saurare za ta magance?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce, ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Kano. Bara na kai ɗalibaina wani gidan adana kayan tarihi, na dawo raina a ɓace. Mai yi mana bayani ya yi iya ƙoƙarinsa, amma kafin mu bar ɗaki na biyu wasu sun fara hamma, wasu suna guje-guje. Iyaye sun biya kuɗin mota, da aka tambayi yaran abin da suka gani, babu mai ta cewa. Bana hedimasta ya ce mu kai yara 38 Gidan Makama. Wani ya zo makaranta ya ce zai naɗa mana tarihin Kano na awa guda a wayoyi, kowane yaro ya sa iyafis, wai haka Turawa ke yi, kuma yara za su yi tsit. Kuɗin da yawa. In biya? Ina tsoron sake jin kunya.

Amsa: Wa'alaikumussalam Malama. Kada ki biya. Hamman da yaranki suka yi bara kuma ba laifinki ba ne. Tun 1916 wani ma'aikacin gidan tarihi a Boston, Benjamin Gilman, ya rubuta kan gajiyar da ke kama masu ziyara, manya ma ke nan. Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan babban gidan zane-zane na Metropolitan da ke New York ya nuna cewa matsakaicin lokacin da baligi ke tsayawa gaban abu ɗaya sakan 27 ne. To ɗan shekara goma fa?

Sauraron bayani ta na'ura abu ne mai amfani, kuma ya daɗe. A 1952 aka fara shi a gidan tarihi na Stedelijk da ke Amsterdam da 'yan ƙananan rediyoyi. Abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne alkawarin mutumin nan: yara za su yi tsit. Wannan maganar nake fama da ita kusan kullum, daga iyaye, daga malamai, har daga wasu abokan aikina. An ɗauka yaron da ya yi shiru yana koyo ne. Na sha tsayawa a bakin ƙofa a gidan tarihi ina kallon ayarin yara da abu a kunne, suna tafe a jere kamar masu rakiyar gawa, idanu a ƙasa ko a kan allon waya. Malaminsu yana baya yana murmushi, ya samu hutu. Na taɓa tsayar da wani yaro da ya wuce wata tsohuwar rigar sulke, na cire masa abin kunnen a hankali, na ce, "Ɗan samari, me ka gani a ɗakin nan?" Ya dube ni, ya dubi bango, ya ce, "Mutumin yana ta magana ne." Sulken yana bayansa, taku biyu, bai ko san da shi ba.

Illar da ke ciki ke nan. Muryar da ba ta tsayawa tana kama kunne, ido kuwa ya mutu. Yaron da aka toshe wa kunnuwa biyu ba zai taɓa abokinsa ya ce "kai, dubi wannan" ba, ba zai tambaye ki komai ba, ke ma ba za ki san inda ya ɓace ba. Shirun ya rufe miki matsalar, sai kin koma aji ki tarar da abin da kika tarar bara, ga kuma kuɗi sun tafi. Gidan tarihin da yara suka shiga ana jin "Malama, wannan mene ne?" daga kowace kusurwa, shi ne wanda aikinsa ke tafiya. Ni hayaniyar tambaya ba ta taɓa damuna ba.

Masu irin wannan kwangila kuwa, na san aikinsu. Su kwafo shafuka daga intanet, su ba wani mai daɗin murya ya karanta, galibi da Turancin da yaro ba ya ji, a jera sunayen sarakuna da shekaru tun daga Bagauda har yau. Ba su taɓa shiga ɗakunan da yaro ba, ba su san abin da ke dama da abin da ke hagu ba. Da ka yi magana sai su ce haka ake yi a Turai. Wace Turai? Faransa ma, a gidan tarihi na Louvre, lokacin da suka kawo ƙaramar na'urar wasa ta Nintendo 3DS don yin bayani a 2012, mai ziyara ne ke zaɓar abin da zai saurara a inda ya tsaya, ba a ɗura masa lacca daga ƙofa zuwa ƙofa. Sannan ga batun kunnen kansa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara shi ne kada ƙarar ta wuce desibel 75 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako. Ziyarar yini ɗaya ba za ta kurmantar da kowa ba, amma yaro a cikin hayaniya ƙure ƙara yake yi, kuma iyafis ɗin da ke yawo daga kunne zuwa kunne ba a goge ba, ni ba zan sa wa ɗana ba.

Ga abin da nake so ki yi, wayarki ma ta isa. Ki je Gidan Makama ke kaɗai mako guda kafin ranar. Ki gaisa da ma'aikata, ki sanar da su yawan yaranki, ki nemi izinin shiga da ƙaramar lasifika, ki roƙi ɗaya daga cikinsu ya zaga da ke. Sun fi kowa sanin kayansu. Ki zaɓi wurare shida ko bakwai kawai. Kowane wuri ki naɗa masa murya ta minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi, da Hausa, yadda kike yi wa 'ya'yanki hira a tsakar gida.

Sirrin naɗin shi ne kunne ya aiki ido. Jimlar farko ta zama umarni: ɗaga kai, leƙa, ƙirga. A zaure, misali, muryar ta ce: "Ku ɗaga kanku sama. Babu siminti, babu rodi. Me ya riƙe rufin nan? Ku nemi itacen." Sai ki tsayar, ki bar su su yi gardama, kafin ki sake kunnawa su ji labarin azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba. A nan ne za ki gaya musu gidan yana da alaƙa da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi da iyayen wasunsu ke zuwa har gobe. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamaninsa aka fara busa kakaki, to ki samo sautin kakaki ki sa a farkon naɗin, ki ga yadda za su zabura. Gaban kayan yaƙi, ki ambaci Sarki Kananeji da aka ce shi ya fara kawo lifidi da sulke da kwalkwali, sannan muryar ta tambaya: "Da kai ne dokin, a zafin bazara, da wannan lifidin a jikinka, yaya za ka ji?" Gaban tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, a tambaye su wa ke rufewa da dare, kuma me zai faru da falken da ya iso a makare. Ambaton shekarar tarihi ɗaya ko biyu ya ishe su a ziyarar gaba ɗaya. In ta Rumfa ta zauna, ki ƙara 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano.

Ki raba yaran gida huɗu, kowane rukuni da babba ɗaya da waya ɗaya, ku fara daga wurare dabam-dabam don kada ku cunkushe. Lasifika a ƙasa-ƙasa, yadda sai sun matso za su ji. In dole sai an sa iyafis, a sa kunne ɗaya a bar ɗaya a buɗe, a goge kafin a ba wani. Mai ƙarancin ji ya tsaya kusa da ke. Kada ku wuce minti 45 a ciki, kuma su ci wani abu kafin su shiga.

Da son samu ne ma, muryar ta zama ta yaran. Ki ba biyu ko uku daga cikinsu rubutun su karanta a aji ki naɗa. Yaro in ya ji muryar abokin zamansa tana fitowa daga lasifika a gaban kayan da suka shekara ɗaruruwa, ba ya hamma. Da kun dawo, ki miƙa musu wayar, kowane rukuni ya naɗa minti ɗaya kan abin da ya fi burge shi, don 'yan aji huɗu da za su je baɗi. Wannan naɗin za ki kunna wa hedimasta da iyaye ranar taro. Kuɗin da aka ware wa mai kwangilar kuwa, a sayi ƙananan lasifika huɗu, a ƙara wa yaran ruwan sha da abin kari.