Amsa: Ƙanwata tana jinyar barin ƙwaya aka kama ta, haɗarin ƙanjamau ya ƙaru?

'Yar'uwa, kin ce ƙanwarki tana jinyar barin allurar pentazocine, maganin kashe ciwo mai sa jaraba, aka kama ta, yanzu an ba da belinta, kina tambaya ko haɗarin HIV ya ƙaru. E, ya ƙaru. Ki kai ta gwaji makon nan, a maimaita bayan wata 3, domin gwajin gaggawa na tsikarar yatsa kan kasa gano cutar in ba a daɗe da kamuwa ba. Idan ta yi tarayyar sirinji ko saduwa ba kwaroron roba cikin awa 72 da suka wuce, kada ki jira komai, ku tafi asibiti yau a ba ta PEP, maganin gaggawa na hana kamuwa da HIV, ana shan sa kwana 28 ba fashi. A haɗa da gwajin ciwon hanta, B da C.

Ba ɗakin tsarewar kaɗai ne matsalar ba, katsewar jinya ce. Mace takan fito da ƙishin allura, ga bashin beli, ga tsoron a sake kama ta da sabon sirinji a jaka, sai ta yi amfani da na saurayi, kuma galibi ita ce ta biyu, bayan jininsa ya shiga. Wata ma sai ta ba da kanta a biya mata bashin. Makonni 2 na farko bayan fitowa sun fi muni, jiki ya saba da rashi, tsohon adadin allurar na iya tsayar da numfashi. Ki mayar da ita jinya tun kafin gida su gama faɗa. In gwaji ya nuna ba ta da cutar, ku tambayi likita PrEP, maganin rigakafin HIV ga masu haɗarin kamuwa.