Makamashi, Kumbo da Rokar Nukiliya: Amsar Tambayoyinku

Tambaya: Malam, ana cewa "roka mai amfani da makamashin nukiliya". To makamashi ba abin ƙonawa ba ne? Me ake ƙonawa a cikinta?

Amsa: Malam, ka yi gaskiya. Makamashi shi ne abin da wuta ke kamawa, kamar itace ko gawayi ko mai. A rokar da aka saba da ita kalmar ta zauna daram, domin haidurojin da oksijin ake haɗawa su ci wuta, hayaƙin ya fita da gudun kilomita 4.4 a daƙiƙa. Rokar nukiliya kuwa ba abin da ke ci da wuta a cikinta. Ƙwayoyin zarra na yuraniyam ke tsagewa a tukunyar nukiliya, su ba da zafin da ya haura digiri 2,000. Shi kuma haidurojin ana ajiye shi ruwa, a sanyin digiri 253 ƙasa da sifili. Famfo ya tura shi cikin siraran ramukan tukunyar, ya zama iska mai ƙuna, ya fice ta bakin roka da gudun kilomita 8 zuwa 9 a daƙiƙa. Kusan ninki biyu ke nan, kuma rashin nauyin haidurojin ne sirrin.

Shawarata a bar wa yuraniyam sunan makamashi, tunda ma'anar ta faɗaɗa ta haɗa duk tushen ƙarfi, a kira haidurojin "abin fesarwa". Raba su na da amfani ƙwarai: wanda ke ƙarewa ya tsai da tafiya haidurojin ne, yuraniyam kaɗan ake ci. Matsalar ma daga haidurojin take. In ya yi zafi yana zaizaye sandunan girafait (irin baƙin da ke cikin fensir) da ke riƙe da yuraniyam, shi ya sa a gwajin injin rokar nukiliya mai suna NERVA da Amurka ta yi a Nevada cikin shekarun 1960 aka yi wa ramukan rufi da sinadari mai jure zafi. A doguwar tafiya kuma yana tsiyayewa daga tanki in ɗumi ya taɓa shi. An rufe shirin a 1973, injin bai taɓa tashi sama ba.

Tambaya: Daidai ne a ce Voyager "kumbo mai tafiya da nukiliya"?

Amsa: A'a, Malama, kuskure ne. Voyager 1 da 2, kumbuna biyu na binciken sararin samaniya da aka harba a 1977, lantarki kawai suke samu daga zafin fulutoniyam 238, wani sinadarin nukiliya mai fitar da zafi da kansa: wat 470 da farko, yana raguwa da kimanin wat 4 kowace shekara. Gudunsu daga rokar da ta harba su ne, da fizgar manyan duniyoyi irin su Jufita. A ce "kumbo mai samun lantarki daga nukiliya".

Tambaya: Wani ya kwatanta injin nukiliya mai lantarki da karin maganar "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba". Ta dace?

Amsa: Rabinta na farko ya dace. A irin wannan inji tukunyar nukiliya lantarki take samarwa, lantarkin ya cilla ƙwayoyin iskar zenon da gudun kilomita 30 ko fiye a daƙiƙa. Turin ƙanƙane ne: na kumbon Dawn, da ya yi amfani da irin wannan turi amma da lantarkin hasken rana, bai wuce nauyin takarda a tafin hannu ba. Rabi na biyu ne ke buƙatar lura. Karin maganar tana nufin mai tafiyar da saurinsa bai canzawa, alhali a sararin samaniya babu iskar da za ta rage gudu, don haka turin wata da watanni taruwa yake yi. Da farko sanyin jiki, daga baya gudu mai yawa da abin fesarwa kaɗan. Amfanin nukiliya a nan shi ne nisa, domin a Jufita hasken rana bai kai kashi 4 cikin 100 na wanda muke samu ba. Babbar wahalar ita ce zubar da rarar zafi. Tunda ba iska ba ruwa, sai an shimfiɗa manyan faifan sanyaya, su kuma suna ƙara wa kumbo nauyi.