Warin bakin kare da lafiyar haƙoransa: amsoshin likitan dabbobi

Tambaya daga Garwa: Likita, ina da kare mai gadin gida ɗan shekara 5. Bakinsa yana wari har ba a iya zama kusa da shi, haƙoransa kuma sun koma ruwan ƙasa. Wasu sun ce in riƙa sa masa ganyen na'ana'a a abinci, wasu sun ce in goga masa kanwa. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, babu ko ɗaya daga cikinsu da zai raba ka da wannan wari. Babban kare yana da haƙora 42, kuma duk lokacin da ya ci abinci, musamman ragowar tuwo da shinkafa da muke ba karnukanmu, wata dauɗa mai yauƙi tana manne wa haƙoran a daidai inda suka haɗu da dasashi. Ƙwayoyin cuta ne ke zaune cikin wannan dauɗa, kuma iskar da suke fitarwa ita ce ɗoyin da kake ji. Idan aka bar ta kwana biyu zuwa uku ba a goge ba, sai ta soma daskarewa da taimakon yawu har ta zama kamar dutse, dasashi ya kumbura ya yi ja, daga baya ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa. Yawancin karnukan da suka haura shekara 3 suna ɗauke da wani abu na wannan ciwo, sai dai kare ba ya kai ƙara, yana ci gaba da cin abincinsa a haka.

Na'ana'a rufe warin kawai take yi na ɗan lokaci. Kanwa kuwa tana ƙona dasashi, kuma tun da kare ba ya kurkure baki ya tofar, duk abin da ka shafa masa cikinsa zai tafi. Abin da ke aiki shi ne gugar haƙori da hannu. Ka naɗe tsaftataccen ƙyalle a yatsa, ko ka sami buroshin yara mai laushi, ka jiƙa da ruwa, ka ɗaga leɓensa ka goge bayan haƙoran ta gefen kumatu, ka fi mai da hankali ga fiƙoƙi da manyan turamen sama, domin a nan dauɗar ta fi taruwa. Ba sai ka buɗe masa baki ba. Minti ɗaya a kullum ya fi rabin awa sau ɗaya a wata. Kada ka soma da ƙarfi: a makon farko ka saba masa da taɓa leɓe kawai, ka bi shi da ɗan abin da yake so.

Amma dole in gaya maka gaskiya game da naka karen. Dauɗar da ta riga ta daskare ta yi ruwan ƙasa ba ta fita da ƙyalle ko ganye, sai likitan dabbobi ya yi masa allurar barci ya kankare ta har ƙarƙashin dasashi, ya cire haƙorin da ya girgiɗe. Bayan haka ne gugar gida za ta yi amfani. Ka kuma lura da irin warin. Idan ya yi kama da zarnin fitsari, ga yawan shan ruwa da rama, a duba ƙoda. Idan yana da wani ɗan zaƙi-zaƙi, a duba ciwon suga.

Tambaya daga Marwa: Likita, zan iya amfani da man goge bakin da muke saya a kanti? Maƙwabciyata kuma ta ce tafarnuwa tana kashe warin. Sannan ni ina ƙyamar yawun kare ya taɓa ni.

Amsa: Hajiya, ki bar man mutane ga mutane. Yana ɗauke da sinadarin fuloraid wanda ba a so a haɗiye, wasu kuma ana zuba musu wani abin zaƙi mai suna zailitol, wanda kaɗan daga cikinsa kan zubar da sugan jinin kare farat ɗaya, ya kuma lalata masa hanta. Akwai man da aka yi musamman don karnuka, amma idan ba ki samu ba, ruwa zalla ya isa, domin gugar ce magani, ba man ba. Tafarnuwa da albasa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, saboda haka ko ragowar miyar da ta sha albasa bai kamata ta zama abincinsa na kullum ba. Batun yawu, hukuncinsa na malamai ne, ni ba fagena ba ne. Ta fuskar lafiya dai, ki sa safar hannu ta roba, ki wanke hannu da sabulu idan kin gama.

Tambaya daga wani mafarauci a yankin Lagdo: Mu tun kakanni ƙashi muke ba karnuka, kuma haƙoransu fari fat. Shin ba shi ne maganin ba?

Amsa: Akwai gaskiya a zancenka, domin tauna tana kankare dauɗa, kuma karen da ke yagar nama da fata ya fi mai lasar tuwo tsaftar baki. Matsalar ita ce irin ƙashin. Dafaffen ƙashi, da na kaza, da ƙayar bandar kifi, suna tsagewa su soki dasashi ko hanji. Ƙashin ƙafar saniya kuwa ya fi haƙori tauri, kuma na sha ganin babban turmin sama ya tsage biyu a kansa, daga baya ƙurji ya fito a ƙarƙashin ido. Ka ba su guringuntsi da jijiya da busasshiyar fatar da aka wanke, ko ɗanyen karas, kana tsaye kana kallo. Wani abin da nake yawan samu a karnukan farauta shi ne guntun icce ko ƙashi da ya gicciye a saman baki tsakanin turame, ya yi makonni yana ruɓar da nama. Idan wari ya zo kwatsam, kare yana dukan bakinsa da ƙafa, a kai shi a duba. Kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen don rage masa zafi, domin suna iya kashe shi.

Tambaya daga Njamena: Kwana biyu ke nan karenmu yana dalalar da yawu, bakinsa a sake, ya kasa haɗiya, muryarsa ma ta sauya. Ƙanena yana so ya zura hannu ya ciro abin da ya maƙale.

Amsa: Alhaji, don Allah ka hana shi yanzu. Waɗannan alamu suna iya zama na ciwon haukan kare, irin wanda ke zuwa da shanyewar muƙamuƙi ba tare da kare ya yi faɗa ba, kuma mutum yana iya kamuwa ta hanyar neman ƙashin da babu shi. A shekarun 2012 da 2013 an yi wa karnukan Njamena rigakafi kyauta unguwa-unguwa, cutar ta ja baya sosai, amma karnukan da ke shigowa daga waje sun dawo da ita. Ka kulle karen shi kaɗai, ka nisanta yara da shi, ka kira ma'aikatan lafiyar dabbobi su zo su same shi a inda yake. Duk wanda ya ciza, ko yawunsa ya taɓa masa rauni ko ido, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a yau ɗin nan a fara yi masa allura, kada ya jira sakamakon gwajin karen.