Tambaya da Amsa: Wane ne Bart Starr da dattawan Wisconsin ba sa gajiya da zancensa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatu a jihar Wisconsin ta Amurka, yana haya a gidan wani dattijo Bature. Ya ce mini a falon mutumin akwai koriyar riga mai lamba 15 da aka adana cikin gilashi, kuma da zarar an ambaci wani Bart Starr sai idon dattijon ya ciko da ƙwalla, alhali mutumin ya rasu tun 2019. Wai ɗan ƙwallo ne, kwatabak. Ni dai ƙwallon da na sani ita ce ta su Rashidi Yekini. Wace irin ƙwallo ce wannan, kuma me mamacin ya yi haka?
Daga wata uwa, Sakkwato

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro sa'ar karatu, ya dawo miki da shi lafiya.

Ki ajiye ƙwallon su Yekini a gefe tukuna. Wannan ta Amurkawa da hannu ake yin ta, ƙwallon kanta ma doguwa ce mai tsini gaba da baya. Mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma na fili. In sun ci a sake ba su huɗu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya kai ta ƙarshen fili ya samu maki shida, sannan a ba su bugun ƙari na maki ɗaya. To shi kwatabak shi ne madugu uban tafiya. Hannunsa ƙwallo ke fara shiga, shi zai duba yadda abokan gaba suka jeru, ya yanke shawara cikin daƙiƙa biyu ko uku: ya jefa, ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da kansa, ga ƙarti suna tahowa su kayar da shi. Yau koci ne ke raɗa wa kwatabak dabara ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. A zamanin Starr shi ke zaɓar dabarunsa a tsakiyar fili.

An haife shi a Montgomery ta jihar Alabama a 1934. Da ƙungiyar Green Bay Packers ta ɗauke shi a 1956, shi ne mutum na 200 a jerin zaɓen sababbin 'yan wasa, wato sai da aka tsince waɗanda ake so sannan aka waiwaye shi. Hannunsa ba shi da ƙarfin jifa na a zo a gani, ƙungiyar kuma a lokacin kashi take sha. Sai a 1959 da koci Vince Lombardi ya zo abubuwa suka juya. Tare suka ci kofin ƙasa sau biyar: 1961, 1962, 1965, 1966 da 1967. Wasannin Super Bowl (babban wasan da ake fitar da zakaran shekara) biyu na farko a tarihi su suka lashe, kuma duka biyun Starr aka zaɓa gwarzon wasa.

Amma ina kyautata zaton abin da ke sa dattijon nan ƙwalla rana ɗaya ce, 31 ga Disamba 1967. Green Bay ta karɓi baƙuncin Dallas Cowboys a filin Lambeau, wasan ƙarshe na gasar ƙasa. Sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Na'urar ɗumama filin ta gaza, ƙasa ta daskare ta yi tauri. Alƙalan wasa suka daina busa usur saboda ƙarfen yana manne musu a leɓe, sai da baki suke tsayar da wasa. Duk da haka mutum kusan dubu hamsin suna zaune suna kallo. Saura ƙasa da minti biyar Dallas na gaba da 17 da 14. Starr ya ja mutanensa yadi 68, taku bayan taku, har suka iso bakin layi. Sau biyu ana miƙa wa mai gudu ƙwallo, santsi yana kwashe shi. Saura daƙiƙa 16, ya nemi hutun ƙarshe da ya rage musu, ya je wurin Lombardi ya ce masu gudu ba sa samun wurin taka ƙafa, shi kuwa yana dab da layi, a bar shi ya kutsa da kansa. Akwai hanya mai sauƙi, a buga ƙwallo ta tsakanin sanduna a yi kunnen doki a tafi ƙarin lokaci. Lombardi ya ce masa ya yi kawai kowa ya bar wannan sanyi. Da ya koma cikin fili bai ma gaya wa abokansa shi zai riƙe ƙwallon ba. Abokin wasansa Jerry Kramer ya ture Jethro Pugh na Dallas, Starr ya faɗa ta kafar da ta buɗe. Aka tashi 21 da 17. Da a ce ya zame, da wuya lokaci ya ishe su sake jeruwa, kuma laifin duka a wuyansa zai rataya.

Kada in yi masa kwalliyar da ta wuce gaskiya. Ya dawo ya horar da ƙungiyar daga 1975 zuwa 1983, bai yi abin kirki ba: nasara 52, rashin nasara 76, aka sallame shi. A wani garin da shi ke nan an yi baram-baram. A Green Bay ba haka aka yi ba, kuma a ganina halinsa ne ya cece shi. Garin ƙarami ne, mutanensa ba su wuce dubu ɗari da 'yan kai ba, ƙungiyar ma jama'a ne ke da hannun jarinta, ba wani attajiri ɗaya ba, don haka kowa ya san kowa. Sun san shi da matarsa Cherry sun taimaka an kafa gidan tarbiyyar kangararrun yara maza na Rawhide a 1965, sun san motar Corvette da aka ba shi ta gwarzon Super Bowl na biyu can ya sadaukar da ita aka tara kuɗi. Shanyewar jiki ta kama shi a 2014, ya rasu ranar 26 ga Mayu 2019 a Birmingham ta Alabama yana da shekara 85. Lamba 15 ɗin nan ƙungiyar ta daina ba kowa ita.

Samarin yanzu za su ce wa ɗanki kwatabak Tom Brady ya fi shi, kuma a lissafin kofi suna da gaskiya, bakwai ya ci (shi ma, abin dariya, na 199 aka zaɓe shi a 2000). Sai dai kofi uku a jere irin na Starr (1965 zuwa 1967) Brady bai taɓa yi ba. Kwatabak Patrick Mahomes na Kansas City ya zo dab da cin uku a jere a Fabrairun 2025, Philadelphia Eagles ta tare shi da 40 da 22. A wasanni goma na sili-ɗaya-ƙwale da Starr ya buga, sau ɗaya tak aka doke shi, a 1960, kuma wannan Philadelphia ɗin ce.