Daga ina Marsandi ta samo martabarta?

Tambaya: Ranka ya daɗe, mahaifina ya riƙe Marsandi shekaru masu yawa, kuma har yau dattawan Katsina suna fifita ta a kan sauran motoci. Mene ne tarihinta, kuma me ya ba ta wannan daraja? Daga wani mai karatu a Ƙofar Soro, Katsina.

Amsa: Malam, asalin Mercedes-Benz yana ƙasar Jamus. A shekarar 1886 Karl Benz ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar motarsa mai ƙafa uku da ke aiki da fetur a birnin Mannheim, yayin da Gottlieb Daimler yake nasa aikin a kusa da Stuttgart. Kamfanonin biyu sun haɗe a 1926, kuma tauraron nan mai tsini uku yana nuni da injinan da ake amfani da su a ƙasa da ruwa da sama.

A ganina, ƙarko ne ya sa ta shiga zukatan mutanenmu fiye da ƙawa. Samfurin W123, wanda aka fara sayarwa a 1976, ya jure zafin bazara da ƙurar hunturu da hanyoyi masu ramuka, kuma injinsa bai gagari kanikawanmu ba, shi ya sa sarakuna da attajirai suka aminta da shi. Ta fuskar kare rayuka ma kamfanin ya yi fice, domin a 1978 ya sanya birkin da ba ya daskarar da tayoyi a motocinsa na alfarma. Sai dai sababbin samfuran sun dogara da kwamfuta sosai, don haka gyaransu yana buƙatar ƙwararre da kayan gyara masu tsada.